Kunnen Mas'uda

Mutanen da ke shekara suna tsine wa Gidan Karnuka saboda haushi ya hana su barcin rana, su ne ke fara tuna hanyarsa washegarin Sallar Layya. Sai ka ga motoci suna tsayawa a bakin ƙofa, ana sauke ledoji cike da ƙasusuwan rago, a juya a tafi da fuskar wanda ya gina masallaci. Dalanda, mai kula da gidan, takan karɓa ta yi godiya, ko da yake ta san abin da zai biyo baya. Kafin mako ya fita sai wani kare ya ci rabonsa da haɗama, guntun haƙarƙari ya gitta masa a saman baki, ya tsaya baki buɗe yana dalalar da yawu.

Cire ƙashin kuwa aikinta ne, kuma tana ji da kanta a kai. Ta matse kan kare tsakanin gwiwoyinta, ta ɓare bakin, ta zura yatsu biyu ta zaƙulo, kafin karen ya gane an taɓa shi. Shekara goma sha ɗaya tana yi, haƙori bai taɓa huda ta ba. Dakta Wasila, likitar dabbobin da ke zuwa musu Talata da Asabar, ta gaji da ajiye mata safar hannu.

"Safa kashe yatsa take yi, Dakta," in ji Dalanda. "Ƙashi ai ji ake yi, ba gani ba."

Gidan yana bayan garin Nabul, ba nisa da birnin Tunis, cikin gonakin lemun tsami, inda kwalta ta ƙare. Karnuka sittin da 'yan kai, kyanwoyi kusan talatin, kuma da wuya ka nuna guda ka ce wannan cikakke ne. Akwai masu ƙafa uku, akwai kurame, akwai waɗanda mota ta karya wa baya aka ɗaura musu keke mai taya biyu a ƙugu, suna tsere a tsakar gida suna bangazar bokitai. Masu kula da su biyu ne: Dalanda, da wani tsoho ɗan shekara saba'in da kowa ke ce wa Am Shadli, wato Baffa Shadli, wanda ke wanke ɗakuna yana kwana a ɗakin bakin ƙofa. In ka tambaye shi zai ce su uku ne, don yana ƙirgawa da Mas'uda.

Mas'uda makauniyar karya ce, baƙa, furfura ta cinye mata baki. Ita ce ta farko da Dalanda ta tsinta, cikin buhu a bakin rafi, tun gidan bai zama gida ba. Dalanda ta ɗaura 'yar ƙararrawa a jikin makullanta, tun daga ranar kuwa duk inda ƙarar ta nufa nan Mas'uda take. Tana da aiki biyu da ba wanda ya ba ta. Na farko, duk karen da ya raba dare yana kuka, in aka kwantar da shi kusa da ita sai ta yi ta lasar fuskarsa har ya yi shiru. Na biyu, kullum da safe in Am Shadli ya gama karyawa da burodi da man zaitun da kifin gwangwani, ita ke lashe masa yatsu. Hannun nasa duk faso ne saboda ruwan wanki, ga wani gyambo a bayan yatsa da ciwon sukari ya hana warkewa, amma ya rantse harshen Mas'uda ya fi duk man da aka rubuta masa.

Abu ɗaya ne ya bambanta ta da sauran dabbobin gidan: ba ta da allurar rigakafi. Shekara uku da suka wuce an yi mata, ta kumbura, zuciyarta ta kusa tsayawa. Dakta Wasila ta rufe katinta ta ce, "An gama. Ba ta fita ko'ina, ba ta haɗuwa da baƙo. Wannan kawai za ku kiyaye mini."

Kiyayewar ba wuya. A ƙarshen gidan, bayan bishiyoyi, akwai ɗaki mai ƙofar waya da suke kira ɗakin baƙi. Duk wanda aka tsinto sai ya yi mako biyu a nan shi kaɗai, ko suna ba a raɗa masa.

Ranar Alhamis bayan Sallar, Am Shadli ya buɗe ƙofa ya tarar an ɗaure wani jan kare a jikin ƙarfen ƙofar. Matashi ne, haƙarƙari duk a waje, yana jan ƙafafunsa na baya a ƙasa.

"Lalla Dalanda, sarauniyar guragu," ya ƙwala mata kira da laƙabin da ake yi wa manyan mata, "ga wani talakanki ya zo mubaya'a."

Ta duƙa ta shafa bayan. Ba ta ji karaya ba, ba ta ga jini ba, amma ba ta tsaya tunani ba.

"Mota ce," ta ce. "Dakta ta gan shi in ta dawo daga yin Sallah wurin iyayenta."

A gidan da kullum ake ɗaura wa guragu keke, ba wanda zai ga kare yana jan ƙafa ya kawo wani abu a ransa ban da mota. Suka kai shi ɗakin baƙi.

Kuka ya fara tun daga ranar, wani irin kuka mai kauri kamar ana jan ƙofar ƙarfe. Ya tada hankalin duk gidan. Ranar Juma'a, da Am Shadli ya sa farar rigarsa ya tafi masallaci, Dalanda ta kasa daurewa. Tausayi ne ya kama ta, ba wani abu ba, kuma irin tausayin nan ne da ya saba yi mata aiki. Ta kaɗa makullai, Mas'uda ta biyo ta, ta buɗe ƙofar waya ta shigar da ita. Ai minti goma ne.

Mas'uda ta lalubo shi da hanci ta fara lasar fuskarsa. Ya yi shiru. Dalanda har ta fara murmushi, sai kawai ya juya ya cafki kunnenta na hagu, ya saki. Mas'uda ta ɗan yi ƙara ta ja baya. 'Yan huji biyu ne, jinin bai cika cokali ba. Dalanda ta goge da auduga, ta shafa jan magani, gashi ya rufe wurin. Ba ta faɗa wa Am Shadli ba, don ta san sai ya yi mako yana yi mata gori a kan dokar da ita ce ta fi kowa yi wa mutane wa'azinta.

Ranar Litinin da hantsi ta kai wa jan karen ruwa ta same shi zaune, muƙamuƙinsa a sake, harshe a waje, yawu ya jiƙa masa ƙirji. Ya kai baki ga kwanon ya kasa lasa.

"Kai ma ka shiga sahu?" ta ce masa. "Wa ya aike ka cin ƙashi da gaggawa?"

Ta shiga, ta matse kansa tsakanin gwiwoyinta, ta zura yatsu. Bakin bai yi mata gardama ba ko kaɗan, ya buɗe kamar bakin jaka. Ta laluba sama, babu. Ta laluba tsakanin haƙora, babu. Ta tura hannun har wuyan hannu, ta shafo maƙogwaro. Sumul yake.

"Fito da hannunki."

Am Shadli ne a bakin ƙofar waya, tsintsiya a hannunsa. Ba ta taɓa jin muryarsa haka ba, ba wasa, ba sarauniya.

"Bari in ƙara dubawa, wataƙila ya..."

"'Yata, fito da hannunki a hankali. Ki taso ki rufe ƙofar."

Ta zaro hannun. Sai a lokacin idonta ya faɗa kan babban yatsanta, inda wuƙa ta yanke ta ranar Sallah wajen gyaran kayan ciki. Yankan ya buɗe, yawu ya cika shi. Ta dubi karen. Idanunsa suna kanta amma ba ita suke kallo ba. Ta tuna kukan nan mai kauri, ta tuna bayan da ta shafa ba ta ji karaya ba. Sai ta gane ba ƙashi ba ne, ba kuma mota ba ce.

Am Shadli ya ja ta har bakin famfo kamar ƙaramar yarinya, ya danƙa mata sabulun wanki, ya tsaya a kanta yana kallon agogo.

"Ci gaba. Ban ce ki tsaya ba."

"Fatar za ta saɓule, Am Shadli."

"Ta saɓule mana." Sannan ya ce, "Ina ɗan shekara tara a ƙauyenmu, kare ya ciji wani makiyayi, Si Ammar, a agara. Cizon bai kai na sauro ba. Bayan wata biyu aka kulle shi a rumbu. Yana roƙon ruwa da sunan Allah, in an miƙa masa ta taga sai ya kurma ihu. Kwana huɗu muna ji. Har yau in na ji ana zuba ruwa a kwanon ƙarfe sai na tuna. Wanke, ki daina kallona."

Dakta Wasila ta katse hutunta ta iso kafin azahar. Ta tsaya daga wajen waya ta yi kallon da bai kai minti ɗaya ba, ta juyo fuskarta ba annuri.

"Haukan kare ne, ko in ajiye aikin nan. Ba kowane ne ke bin mutane da cizo ba, wani shanyewa yake yi. Dalanda, shiga mota."

A asibitin gari aka yi mata allura a damtse, aka yi wata a kewayen yankan da ta sa ta ambaci sunan uwarta, aka ba ta kati mai ranakun dawowa. Ma'aikaciyar ta ce ta zo da wuri, in ta cika alluranta ba abin da zai same ta da yardar Allah. Ya kamata hankalinta ya kwanta. Amma tun a kan bencin asibitin ba yatsanta take tunani ba, kunnen Mas'uda take gani.

Jan karen ya mutu washegari, bai samu suna ba. Aka aika da kansa Tunis don gwaji. Wani ma'aikacin hukuma ya zo da takardu, ya ƙi zama, ya ƙi shayi, yana ta kallon takalmansa kada wani abu ya taɓa su. Dakta Wasila ta baje masa katunan dabbobin a kan tebur.

"Dokar a fili take," ya ce. "In gwaji ya tabbatar, duk dabbar da ta haɗu da shi, mai rigakafi a ƙara mata a sa mata ido. Marar rigakafi kuwa ba a barin ta da rai. To, akwai wadda ta shiga wurinsa, ko ta sha a kwanonsa?"

"Ba mai zuwa ɗakin baƙi," in ji Am Shadli. "Wannan matar da kake gani, ko ƙuda ta gani a can sai ta tambaye shi wa ya ba shi izini."

Dakta Wasila ta dubi Dalanda. "Marar allura ɗaya ce a gidan nan, kin sani."

Mas'uda tana kwance a kan ƙafar Dalanda a ƙarƙashin teburin, kunnen hagu yana taɓa idon sawunta.

"Babu wadda ta shiga," in ji Dalanda.

"Alhamdu lillahi," in ji Dakta Wasila, ta tattara katunan.

Maganar ta fita da sauƙi har ta ba ta tsoro. Ta gaya wa kanta ba ƙarya ta yi don cutar da kowa ba. Huji biyu ne kawai, kuma ta goge nan take. Ba kowane cizo ne ke kamawa ba. Za ta ware Mas'uda da kanta, ta sa mata ido, in wata uku ya wuce lafiya shi ke nan, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. A ranar ta share ɗakin ajiyar abinci, ta shimfiɗa bargo, ta kaɗa makullai, Mas'uda ta bi ta ciki, ta fito ta datse ƙofar da kwaɗo.

"Laifin me ta yi?" in ji Am Shadli.

"Gudawa take yi. Kada ta shafa wa sauran."

"Ni da ke kwashe kashin gidan nan ban ga gudawa ba."

"To yanzu ka zama likita? Kada ka kusanci ƙofar nan, Am Shadli. Ni zan riƙa ba ta abinci."

Ya ɗaga hannu biyu sama. "Sarauniya ta yi magana."

Ranar Juma'a sakamako ya zo daga Tunis. Haukan karen ne.

Daga nan Dalanda ta shiga wani hali da ba ta fatan ko maƙiyinta ya shiga. Ita da ke raina safar hannu, sai ga ta tana sa biyu-biyu kafin ta shiga ɗakin ajiya. Mas'uda ta ji ƙararrawa ta taso da murna tana neman hannunta, Dalanda ta ɓoye hannun a bayanta. Sai ta ajiye kwanon ruwa ta tsaya, numfashinta a riƙe, har sai ta ji harshe yana lasa. In ta sha, Dalanda ta samu ranar. In ta shinshina ta kau da kai, Dalanda ba ta barin wurin sai ta ga ta sha. Ta riƙa leƙen muƙamuƙin tsohuwar, tana auna ko ya saki. Tsohuwar karya dama takan yi dalala in tana barci, dama ƙafafunta na baya sukan yi sanyi da safe. Shekara da shekaru Dalanda tana ganin haka ba ta damu ba. Yanzu kowane ɗigo sai ya tsinka mata zuciya.

Ga kuma kukan. Makauniyar da ba ta taɓa kwana ita kaɗai ba, an rufe ta cikin buhuna, tana jin ƙararrawa tana wucewa ba ta tsayawa. Ta yi ta kira, ta yi ta karce ƙofa. A mako na biyu muryar ta dushe, ta yi kauri. Dalanda na cikin ɗaura wa wani gurgu kekensa ta ji, igiyar ta suɓuce mata. Kuka ne ya dusar da ita, ko kuwa ɗayan abin ne? Ba wanda za ta tambaya, domin duk wanda ya san amsar, in ya ji tambayar, Mas'uda ta tafi.

Ta rame. 'Yar'uwarta a gida ta ce allurar ce ba ta karɓe ta ba. Takan ɗauki kofin ruwa ta tsaya tana kallonsa kafin ta kurɓa, ita ma tana gwada kanta.

Ranar Litinin, kwana goma sha bakwai da cizon, ranar allurarta ce kuma. Ta ce bari ta fara biyawa ta gidan ta duba kwanon ruwa kafin ta tafi asibiti, sai ta shiga motar haya ta farko. Ta saba isowa bakwai da rabi. Ran nan ƙarfe shida da 'yan mintoci ta tura ƙofa, rana ta fara taɓa kan bishiyoyi.

Am Shadli yana zaune a kan bencinsa, gwangwanin kifi a gefe, ya miƙa hannu ƙasa. Mas'uda tana tsakanin ƙafafunsa tana lashe masa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Harshenta yana kan gyambon.

Ihun da Dalanda ta yi ya tada duk karnukan gidan. Ba ta san lokacin da ta isa wurin ba, ta fizge hannunsa, ta ture Mas'uda da ƙafa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da take. Tsohuwar ta faɗi gefe, ta tashi tana juya kai tana neman inda ƙararrawa take.

"Ke lafiyarki?" in ji Am Shadli. "Aljanu ne suka taɓa ki da sassafe?"

"Wa ya buɗe ta? Wa ya ce ka buɗe ta?"

"Kwaɗon da na sayo da hannuna, kina zaton makulli ɗaya ya zo da shi?" Ya yi 'yar dariyar wanda aka kama yana satar sukari. "Haba, 'yata. Baiwar Allah tana kuka har muryarta ta tafi. Gudawar ma ƙarya ce, na duba. Nakan fito da ita ta sha iska mu karya tare, in mayar kafin ki iso."

"Tun yaushe?"

"Tun washegarin da kika rufe ta."

"Kullum?"

"Kullum. To mene ne? In kin yi fushi da ita ne ki gaya mini, in ba ku haƙuri."

Dalanda ta dubi hannun da take riƙe da shi. Faso a kowane gaɓa, gyambon yana ƙyalli da mai da yawu. Kwana goma sha uku. Tsohon da ya tsaya a kanta da agogo yana ba ta labarin rumbu. Ta so ta ce wani abu dabam, ta nemi wata ƙaryar ta rasa. Sai ta durƙusa, ta kama kan Mas'uda, ta buɗe gashin kunnen hagu ta nuna masa tabo biyun.

"Na shigar da ita ɗakin baƙi. Ranar Juma'a, kana masallaci. Ya cije ta."

Am Shadli ya daɗe yana kallon kunnen. Ta ga lokacin da dariyar ta bar fuskarsa. Ya ɗaga hannunsa ya duba gaba da baya kamar na wani ne.

"Da ma'aikacin nan ya tambaya," ya ce a hankali, "ni na rantse masa a kanki."

"Na sani."

"Kina kallona kullum ina wucewa ta ƙofar nan."

"Na ce kada ka kusance ta, Am Shadli, na ce maka..."

"Gudawa kika ce mini."

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya miƙe ya nufi famfo, tafiyarsa ta koma ta ɗan shekara saba'in sosai. Ta bi shi da sabulu, ya karɓa bai dube ta ba. Ruwa ya fara zuba a kwanon ƙarfen da ke ƙarƙashin famfon, sai ta ga ya sa ƙafa ya ture kwanon gefe.

Ita ta kira Dakta Wasila. Ta faɗa mata komai a tsaye, a jere, ba ta rage ba. Dakta ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaya.

"Tana cin abinci? Tana sha?"

"Tana sha. Muryarta ce ta canza. Amma kuka ta yi ta yi, Dakta, wataƙila kukan ne. Ko a rufe ta wata uku, ni zan..."

"Kin rufe ta mako biyu, ga inda muke. Ni ma ban san ko tana da shi ba, Dalanda, kuma ba a ganewa tana da rai. Yanzu akwai mutum a ciki. Likitocinsa za su so su san abin da ya taɓa shi. Ina zuwa. Kada kowa ya ƙara taɓa ta da hannu."

Ta iso cikin rabin awa da jakarta. Ta shirya abin da za ta shirya a ɗan ɗakin da take duba dabbobi, can ɗaya gefen tsakar gida, sannan ta fito da sanda mai zarge a baki, irin wadda ake kama karen da ba a yarda da shi ba.

Mas'uda tana zaune inda aka bar ta, kusa da benci. Ta ji baƙon ƙarfe ya taɓa wuyanta, ta firgita, ta ja da baya ta shige ƙarƙashin bencin tana rawar jiki. Dakta Wasila ta sake gwadawa, tsohuwar ta ƙara matsewa jikin bango.

"Zuciyarta za ta buga a nan," in ji Am Shadli daga bakin famfo. Shi ne karon farko da ya yi magana. "Kada a ja ta kamar ɓarauniya. Ba ta yi wa kowa komai ba." Ya juyo ya dubi Dalanda. "Ke kika san yadda ake kiranta."

Dalanda ta ciro makullan daga ƙugunta. Ƙararrawar ta fara kaɗawa tun ba ta yi niyya ba. Kan Mas'uda ya leƙo daga ƙarƙashin benci. Wutsiyar ta motsa.

Tsakar gidan taku arba'in ne, Dalanda ta san haka don ta sha auna shi da buhu a ka. Ta yi shi da baya da baya, tana kaɗawa. Mas'uda ta biyo ta, hanci a sama, tana taka ƙasa da sauri-sauri kamar wadda aka yafe wa laifi, don mako biyu ke nan ƙarar nan ba ta jira ta ba. Masu keke suka buɗe musu hanya. A bakin ɗakin akwai 'yar matakala ɗaya, Dalanda ta kaɗa sau biyu kamar yadda ta saba yi mata in akwai tudu a gaba, Mas'uda ta ɗaga ƙafa ta hau.

Ba a daɗe ba, allura ɗaya ce. Dalanda ta riƙe kan da safar hannu biyu-biyu, ta bar makullan kusa da kunnen tana ɗan motsa su har Dakta Wasila ta ce mata ya isa, rai ya fita.

Da ta fito, Am Shadli ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya naɗe hannun da tsumma, yana tsaye a bakin ƙofa.

"Allurar nan," ya ce, idonsa a kan hanya, "da zafi?"

"Ta kewayen ciwon da zafi."

"Ke da kika zo a ranar suka ce kin zo da wuri. Ni me za su ce?"

"Ban sani ba, Am Shadli."

Ya gyaɗa kai. "To mu je su faɗa mana."

Suka kama hanyar ƙasa zuwa bakin kwalta, shi a gaba, ita a baya. Taku uku ta yi ƙararrawar ta kaɗa a ƙugunta, ta ga kafaɗun tsohon sun ɗaga. Ta sa hannu ta dunƙule ta a tafinta, haka ta riƙe ta har asibiti.